Kwana Goma a Kan Appalachian Trail: Ina Ƙafa Za Ta Iya Kaiwa?

Tambaya: Ina zaune a Atlanta, na samu hutun kwana goma a ƙarshen Afrilu, kuma ina so in fara bin Appalachian Trail yanki-yanki, kowace shekara in ci wani abu. Da yamma nakan taka kilomita 10 cikin awa biyu ban gaji ba. Lissafina shi ne in na riƙa yin kilomita 30 kullum, kwana tara za su kai ni daga Dutsen Springer zuwa madatsar ruwa ta Fontana. Zai yiwu? Kuma wace irin hanya zan tarar?

Amsa: Ɗan'uwa, lissafin ya fita a takarda, amma ba zai fita a ƙafa ba. Daga Springer, mafarin hanyar ta kudu a jihar Jojiya, zuwa Fontana wajen mil 165 ne, kimanin kilomita 265. Ya fi nisan Kano zuwa Kaduna, kuma da wuya ka samu awa guda cur kana tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri. Sabon shiga yakan ci sama da mako biyu kafin ya ga madatsar nan. Abin da kwana gomanka za su ɗauka cikin rufin asiri shi ne daga Springer zuwa Dicks Creek Gap, wajen mil 69, wato kilomita 111. Na san zai yi maka kaɗan a kunne. Bari in nuna maka inda sauran ya tafi.

Hanyar kanta kusan mil 2,200 ce, ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Dutsen Katahdin a jihar Maine, an kammala haɗa ta a 1937. Alamarta farin fenti ne a jikin itace ko dutse. Shuɗin fenti na nufin ka ratse zuwa ruwa, rumfar kwana ko wata hanyar gefe. Alluna da taswirori duk da mil da ƙafa suke magana, don haka ka saba da su: mil ɗaya kilomita 1.6 ne, ƙafa 1,000 kuma mita 300 da ɗan ɗoriya. Duwatsun ba su da tsayin a zo a gani, mafi tsayinsu ƙafa 6,643 ne, amma hawa da saukar da ke cikin hanyar gaba ɗaya an kwatanta shi da hawa Everest sau 16. Ba dutse ɗaya ne ke kayar da mutum ba, ƙananan da ba su ƙarewa ne.

Abu na farko da mai bin hanya yanki-yanki ya kamata ya haɗiye shi ne ba zai taɓa samun ƙafar masu zarcewa ba. Waɗanda ke yin hanyar a tafiya ɗaya, wata biyar zuwa bakwai, sai bayan makonni uku ko huɗu ne jijiyoyi da gwiwoyinsu ke sabawa da kaya, sannan su fara cin mil 18 ko 20 a yini. Kai kuwa ranar da ƙafarka ta fara gane hanya, ranar hutunka ke ƙarewa, baɗi kuma ka dawo sabo fil. Saboda haka duk alƙaluman da ka ji daga bakin masu zarcewa ba naka ba ne. Su ma a Jojiya shawarar da ake ba su ita ce mil 8 zuwa 10 a makon farko.

Na biyu, ka daina auna yini da nisa, ka auna shi da awoyi. Akwai tsohuwar ƙa'ida da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotlan, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane mil 3, a ƙara awa ɗaya ga kowace ƙafa 2,000 ta hawa. Ƙa'idar tana da kyau, sai dai ta lafiyayyen mutum ce marar kaya a kan hanya mai kyau, kuma babu hutu a cikinta. Wadda ta fi dacewa da mai goye da kilo 13 ita ce ta littattafan jagora na duwatsun New Hampshire: minti 30 ga kowane mil, a ƙara minti 30 ga kowace ƙafa 1,000 ta hawa. Da ita za ka yi aiki, sannan ka ɗora minti 10 na hutu a kan kowace awa.

Ga yadda take aiki a wurin da za ka taka. Daga Unicoi Gap zuwa rumfar Tray Mountain bai kai mil 6 ba, wajen kilomita 9, abin da a titin unguwarku ba ya cin awa biyu. Amma kana tsallaka kwalta a Unicoi, a tsayin ƙafa 2,950, hanya za ta miƙe da kai sama zuwa Rocky Mountain, ƙafa 4,000 da 'yan kai, cikin ƙasa da mil ɗaya da rabi. Daga nan ta gangara da kai Indian Grave Gap, wajen ƙafa 3,100, wato ta ƙwace kusan duk abin da ka hau. Sannan ta sake ɗaga ka zuwa Tray, ƙafa 4,430. Jimillar hawa wajen ƙafa 2,400. Nisan ya ci kusan awa uku, hawan ya ci awa ɗaya da kwata, ga minti 40 na hutu: awa biyar ba kaɗan, a kan kilomita 9. Ka ninka wannan sau uku ka ga ko kilomita 30 za su shiga yini guda. Kalmar gap ɗin da za ka yi ta gani a alluna sirdi ne tsakanin duwatsu biyu, kuma ma'anarta a aikace ɗaya ce: ka gama sauka, hawa na jiranka.

Kada ka sa rai gangara za ta biya ka lokacin da hawa ya ci. Gangara mai laushi takan ɗan taimaka, amma mai tsini, musamman a kan falalen dutse ko saiwoyin da ruwa ya jiƙa, tafiyarta ɗaya da hawa, wani lokaci ma ta fi jinkiri. Saukowa daga Blood Mountain zuwa Neel Gap misali ne: ƙafa 1,300 cikin mil biyu da rabi, farkonta falalen dutse. In an yi ruwa, ka ba ta awa biyu.

To awa nawa ke cikin yini? A ƙarshen Afrilu hasken rana a arewacin Jojiya ya ɗan haura awa 13, amma ba duka ne na tafiya ba. Daga sallar asuba zuwa ɗaukar jaka, da karin kumallo da naɗe tanti mai raɓa, sabon shiga yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Tace ruwa sau biyu ko uku a yini, kowanne minti 15 zuwa 20, ban da saukar da za ka yi zuwa idon ruwan, wanda wani lokaci yana can ƙasan kwari. Abincin rana da azahar, minti 45. Da yamma kana buƙatar isa masauki da awa biyu kafin magariba, don kafa tanti, ɗebo ruwa, girki, da rataye abinci inda beyar ba za ta kai ba. Abin da ya rage na tafiya zalla awa bakwai ne, kuma a kwanakin farko shida sun ishi gwiwa. Awa shida a irin wannan ƙasa mil 8 zuwa 10 ne. Tunda an zo maganar salla: alƙibla a wannan yanki arewa maso gabas take, ba gabas sak ba, ka riƙe ƙaramin kamfas don waya na iya mutuwa, ka kuma sa ruwan alwala cikin lissafin ruwanka. Batun ƙasaru da haɗa salloli ka warware shi da malaminka tun kana gida.

Kwanakin ma daga baya ake ƙirgo su. Cikin goma, ka cire ta ƙarshe don komawa gida da hutawa kafin aiki. Ka cire wata guda ka ajiye ba ka ba ta aiki ba, ta ruwan sama ce ko ta gwiwa. Saura takwas. In da mota za ka, ka kai ta inda za ka ƙare, ka biya direban da ke jigilar matafiya ya kai ka mafari. Wanda ya yi akasin haka yakan ƙare yana tsere da agogo don cim ma direba a wurin da waya ba ta kamawa. Ka yi magana da direban makonni kafin lokaci, domin Maris da Afrilu ne kakar cinkoso, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Shiga Springer hanya biyu ce. Akwai titin daji marar kwalta da ke kai mota wurin ajiye motoci, wajen mil ɗaya arewa da ƙololuwar. Sai ka taka baya zuwa allon farawa, ka juyo. Akwai kuma hanyar da ta taso daga gandun Amicalola Falls, kusan mil 9, da matakala 604 a gefen magangarar ruwa. Kyakkyawa ce, amma ba ta cikin lissafin Appalachian Trail, kuma za ta cinye maka yini guda da rabin ƙarfin cinyoyinka. Da kwana goma, ka bi ta titin daji.

Rana ta farko ka kwana a Hawk Mountain, wajen mil 8. Yawancinta gangara ce da bin rafi, tana yaudarar mutum ya ɗauka haka hanyar take. Kafin ka bar wurin da safe ka cika duk gorunanka, aƙalla lita biyu, domin daga nan zuwa rafin Justus, wajen mil 6, babu ruwan da za a dogara da shi, kuma a tsakiyar wannan fari ne Sassafras yake, hawan ƙafa 600 da wani abu cikin mil guda. Kwana na biyu a rumfar Gooch Mountain, kusa da mil 16. Na uku a Lance Creek, mil 24, bayan ka tsallaka kwalta a Woody Gap. Akwai dalilin tsayawa a nan ko da ka ji da sauran ƙarfi: daga 1 ga Maris zuwa 1 ga Yuni, duk wanda zai kwana tsakanin Jarrard Gap da Neel Gap dole ya riƙe tukunyar roba mai tauri ta musamman da beyar ba ta iya buɗewa. In ba ka da ita, sai ka kwana kafin yankin, ka ratsa shi a yini ɗaya. Rana ta huɗu ke nan: mil 7 da 'yan kai, a haye Blood Mountain, ƙafa 4,458, mafi tsayi a hanyar cikin Jojiya, a sauka Neel Gap a mil 31. Hanyar ta ratsa ta cikin wani ginin dutse mai kantin kayan tafiya. Nan za ka sayi abincin sauran kwanaki, ka zubar da abin da ka gane ba ka buƙata.

Rana ta biyar ita ce doguwa, mil 11 da rabi zuwa Low Gap, da wani gajeren hawa mai zafi bayan Tesnatee Gap. In ka ga azahar ta yi ba ka kai Tesnatee ba, kada ka yi gardama, ka nemi wurin kafa tanti kafin Low Gap ka ci daga ranar ajiya. Ta shida mil 7 zuwa Blue Mountain. Farkonta tsohon titin daji ne mai daɗi, ƙarshenta tarin duwatsu masu kama idon sawu. Ta bakwai, gangara zuwa Unicoi sannan hawa biyun nan da muka lissafa, mil 8 da za su ci maka awa shida da rabi. Ta takwas mil 11 zuwa Dicks Creek Gap, da Kelly Knob a tsakiya, inda za ka yi ta hango abin da ka ɗauka ƙololuwa ce sai ka tarar da wata a bayanta. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Daga Dicks Creek garin Hiawassee na kusa. Amfanin wannan yanki ga sabon shiga shi ne ƙofofin fita: Woody, Neel, Hogpen, Unicoi, kowanne kwalta ce, kusan kowane yini ɗaya ko biyu. Ka rubuta su a takarda tare da lambar direba.

Nauyin jaka yana cikin lissafin lokaci kai tsaye. Kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinka, har da ruwa da abinci; mai kilo 70 ya tsaya a 14, in ya samu 12 ya fi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Abinci gram 700 zuwa kilo ɗaya a yini, shi ya sa ba a ɗaukar na kwana takwas a tashi ɗaya: na huɗu daga gida, na huɗu daga Neel Gap. Garin kwaki da gyaɗa da sukari da madarar gari abincin hanya ne na gaske, ba ya son wuta, ba ya lalacewa. Dabino da ƙuli-ƙuli ma haka. Kilishi kuwa ka nemi wanda aka yi a nan Amurka, domin kwastan ba sa barin a shigo da nama daga gida. Busasshen abincin leda da ake sayarwa a kantunan hanya ka karanta jikinsa, da yawa akwai naman alade.

Abin da ke rushe tsari yawanci ba ya zuwa ranar farko. Rana ta uku ko ta huɗu yake zuwa, a gefen gwiwa ko a agara, kuma sanadinsa kusan kullum ɗaya ne: mutum ya ji daɗin jikinsa a kwana biyun farko ya zarce inda ya tsara. Tsoka takan warke cikin dare, jijiya ba ta yi. Sanduna biyu na rage wa gwiwa duka a gangara, ka kuma gajarta taku. Bororo kuma tun yana ɗan zafi-zafi ake tare shi: ka tsaya nan take, ka cire safa, ka shanya ƙafa, ka manna filasta. Minti biyar ɗin da ka ƙi bayarwa zai dawo maka da ɗingishin kwana uku. Takalmi ya fi ƙafarka da rabin lamba ko lamba guda, don ƙafa na kumbura, kuma ya zama ka riga ka taka shi sosai.

Sai sanyi. Kada zafin Atlanta ya ruɗe ka. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi, ga iska a doron dutse, kuma a Afrilu dare kan iya kaiwa kusa da daskarewa. Mafi haɗari ba ƙanƙara ba ce, ruwan sama ne mai sanyi a kan jiƙaƙƙiyar riga. Auduga na riƙe ruwa ta tsotse ɗumin jiki, don haka ka bar ta a gida, ka sa ulu ko yadin roba. Kayan barci da riga ɗaya busasshiya su zauna cikin leda mai kauri, ba a taɓa su sai an shiga tanti. Yinin ruwa ka rage kashi ɗaya cikin huɗu na nisan da ka tsara. Ruwan sha duk a tace shi komai kyansa a ido, hannu kuma a wanke da sabulu, domin cutar amai da gudawa da kan zagaya rumfunan kwana a lokacin cinkoso ba ta jin man goge hannu. Rumfunan nan masu bango uku wanda ya riga zuwa shi ke samu, a Afrilu kuma sukan cika da wuri, saboda haka tanti dole ne.

Tunda shekaru za ka yi kana dawowa, ka sani adadin da ka samu a Jojiya ba zai bi ka ko'ina ba. A gandun Great Smoky Mountains, inda hanyar ta yi wajen mil 71 farawa daga Fontana, mai bin hanya yanki-yanki sai ya nemi izini ya kama gurbi a takamaiman rumfa na takamaiman dare, don haka kuskuren lissafi a can ba ya gyaruwa da sauƙi. A can ne ƙololuwar hanyar take, wadda a 2024 aka mayar wa sunanta na asali, Kuwohi. Jihar Virginia ita kaɗai ta ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hanyar. A gandun Shenandoah, mil 101, hanya a gyare take, wanda ya yi 9 a Jojiya zai iya 12 ko 13. Amma a arewacin jihar akwai mil 13 da rabi na hawa da sauka a jere har sau goma. Maryland mil 41 ce, ita ce mafi sauƙi. Pennsylvania a taswira kamar tabarma, a ƙasa kuwa arewacinta tsinin duwatsu ne da ke cin takalmi da tafin ƙafa, irin wurin da ƙa'idar awoyi ba ta gani, sai ka ƙara mata da kanka. Daga Virginia zuwa arewa kuma a duba jiki kowane dare saboda kaska mai ɗauke da cutar Lyme.

New Hampshire da kudancin Maine wata duniya ce. Hanya ba ta kewaya dutse, miƙewa take yi, wani wurin da hannu ake hawa. Ko masu zarcewa da suka saba da mil 20 sukan koma 10 ko 12. Kai ka tsara 6 zuwa 8. A Dutsen Washington, ƙafa 6,288, an auna iska mai gudun mil 231 a awa a 1934, kuma ana tafiya mai tsawo a sarari babu itacen fakewa. Mahoosuc Notch mil ɗaya ne tak na manyan duwatsu da ake ratsawa da rarrafe, yakan ci awa biyu zuwa uku. Dajin da ke tsakanin garin Monson da gadar Abol mil 100 ne babu gari, allon bakinsa na gargaɗin a riƙe abincin kwana goma. Katahdin kuma akan rufe hawansa wajen tsakiyar Oktoba. Waɗannan yankuna ka sa su tun da sauran ƙarfi a gwiwa, kada ka bar su sai ƙarshe don kawai su ne a ƙarshen taswira; mai bin hanya yanki-yanki ba dole ne ya bi ta a jere ba.

Kafin Afrilu, ka fitar da adadinka na kanka. Ka cika jakar da ainihin kayan da za ka ɗauka, ka je Blood Mountain ko Amicalola ranar Asabar, ka yi mil 8, ka kwana, ka sake yin 8 ranar Lahadi. Ka rubuta lokacin tashi, lokacin isa, nisa da hawa, ka gwada da abin da ƙa'idar ta ba ka. In ta ce awa biyar kai ka yi shida, to duk lissafinka na gaba ka ninka shi da 1.2. Adadin ranar Lahadi za ka ɗauka, ba na Asabar ba. Mako guda kafin tashi ka duba sanarwar Appalachian Trail Conservancy, ƙungiyar da ke kula da hanyar, kan wuraren da aka rufe ko aka karkatar, domin guguwar Helene ta Satumban 2024 ta yi ɓarna sosai a kudancin hanyar, ka kuma duba bayanan ruwa na baya-bayan nan a manhajar FarOut, ka sauke taswirar a waya tun kana da intanet. Ka bar wa wani na gida takarda mai sunan masaukin kowane dare, da ranar da in bai ji daga gare ka ba zai kira hukuma.